Igiya ta Biyu

Ranar Alhamis na bar shinkafa tsaye cikin ruwa,
na hau babur daga Gamsarka zuwa Auyo,
takardar asibiti a aljihun gaba,
Lurwanu tsakanina da mai babur,
shekara bakwai, da giɓi a baki.

Uwarsa ta riga mu tun bara da kaka.
Ni kuma likitan Haɗeja ya daɗe yana duban hoton ƙirjina
kafin ya ce, "Allah ya sawwaƙe."

Wasiyyi ina da shi: Yaya Tasi'u,
nono ɗaya muka sha.
Amma tirelar shanu yake ja
daga Maigatari zuwa kurmi,
titi kuwa ba ya tambayar
wa aka bar wa maraya.

Rijiyar gidanmu gaba goma sha biyu ce.
Babanmu bai taɓa yarda da igiya ɗaya a bakinta ba.

Shi ya sa na je wa Hansatu, ƙanwar marigayiya.
Ta ajiye rariya, gari har gwiwar hannu,
ta ce, "Da bakinka kake kiran mutuwa?"
Na ce, "Wanda ya gyara jinka kafin damina,
ba shi ya kira ruwa ba."
Ta yi kukanta ta gama,
ta wanke hannu, ta ɗauko mayafi.

Magatakardan alƙali ya rubuta komai:
gonar fadama, tumaki uku,
injin ban ruwa mai tari irin nawa,
da sharaɗin kada a cire yaro daga makaranta.
In Tasi'u ya faku, ko ya gaza,
Hansatu ce.
Liman ya shaida, mai unguwa ya shaida,
na dangwala babban yatsa.

Magatakarda ya ɗago kai: "In ita ma fa?"
Na ce, "Daga nan sai Mai rijiyar."

A hanyar gida Lurwanu ya waigo:
"Baba, ranar da nake makaranta,
in Sale ya manta bai ba zabina ruwa ba fa?"
Na ce, "Sai ka nemi na biyu tun yau."

Ya shiga ƙirga abokansa da yatsu,
yana cire wannan, yana mayar da wancan.
Na riƙe kafaɗarsa saboda gargada.
Da muka sauka na ga tawadar yatsana
ta zauna a rigarsa.