Ja da Rawaya

Fijon kakana Eleuterio ta girme ni da shekara goma sha ɗaya.
A gangaren Cerro Barón take kwana,
da dutse biyu a bayan taya,
don birkin hannunta ya daina cika alkawari.
Gishirin teku ya ci gindin ƙofofinta
cin da gara ke wa azara.

Rediyonta ya mutu cikin sanyin Yuli,
ana tsaka da ƙwallo, saura minti huɗu a tashi.
Kaka ya mare shi sau uku.
Ya yi tari, ya yi gum.

Da kuɗin wanke-wanken wata biyu na sayo sabo,
baƙi, shafal, fuskarsa na ƙyallin shuɗi.
Ran Asabar na kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari,
ƙafafuna a titi,
karen maƙwabta na shinshina takalmina.

Sai da na zura wuƙar cin abinci ta kowane gefe
kafin tsohon ya yarda ya fito.
Abin da ya bari a raminsa:
ƙura, tikitin bas, tsabar kuɗin da aka daina karɓa,
maƙalin gashin kakata Fresia,
da wayoyi cukurkuɗe kamar hanjin kaza,
launinsu duk ya koɗe.

Takardar cikin kwali ta ce ja da ja, rawaya da rawaya.
Takardar ba ta taɓa ganin wannan mota ba.
Wani bakanike ya riga ni shiga nan tun ban zo duniya ba,
ya naɗe komai da baƙin salatif,
ya tafi da sirrinsa.

Fis ya ƙone. Na biyu ma ya bi shi.
Na uku na zaro daga na magogin gilashi.
"Ai ba ruwa yau," in ji Kaka,
yana riƙe min tocila, yana haska kunnena.
Ramin ya fi sabon faɗi da yatsa biyu,
muka toshe da guntun katakon akwatin kifi.
Har yanzu in rana ta buɗe, ƙarni ke fara gaishe ka.

Na murɗa makulli.
Ƙofar hagu ta buɗe baki da jita,
ta dama tana zuu kamar zanzaro a kwalba.
Kaka ya cire hula.

Kashegari ya manta komai.
Agogonsa ya koma sha biyu,
tashoshi shidan da na jera masa sun gudu.
Rigoberto mai gyaran firji ya leƙo ta taga:
"Kin juya su, yarinya.
Rawaya ce mai riƙe tunani,
daga batir take sha dare da rana.
Ja kuwa sai an murɗa makulli take farkawa.
Aikin minti biyar ne."

Na ɗauko filaya.
Kaka, wanda sau biyu a makon nan ya kira ni Fresia,
wanda muka tsinci makullinsa a jakar burodi,
ya ɗora tafi a fuskar rediyon
kamar mai auna zazzaɓin yaro.
"Bar shi," ya ce.
Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Yanzu kullum da sassafe nakan janye duwatsun,
mu gangara kasuwar kifi a giya ta biyu,
jiragen ruwa na ƙara girma a gilashi.
Ni ke tuƙi, shi ke lalube.
Wata rana mu faɗa kan farashin dankali,
wata rana kan mai wa'azi da mura,
jiya kuwa wata mata ce ke neman akunta da ya tsere.
Muka saurare ta har ƙasa.

Filayar na nan ƙarƙashin kujera.
Fis ɗin magogi ne ban mayar ba,
ga shi yau hadari ya taso daga teku.