Ƙarfen da Ya Faɗo Daga Sama

A ƙauyenmu, can kan tuddan Laos,
abu biyu ƙasa ke haifa:
shinkafa da ƙarfe.
Ta farko mu muka shuka,
na biyu jirage suka zubar
tun kakata na goye da babana.

Babana Thongdy yatsu takwas gare shi.
Biyun sun tafi yana ɗan shekara tara,
ran da ya tsinci 'yar ƙwallo a kunyar gona
ya zaci abin wasa ce.
Da takwas ɗin ya ƙera injin sussuka.

Damina uku yana tarawa
a ƙarƙashin ɗakinmu mai dogayen ƙafafu,
inda kaji ke kwana:
ƙwaryar bam da masu kwance nakiya suka fafe,
suka ce, ɗauki, wannan ya mutu;
injin babur ɗin Somvang mai kifi,
wanda ya sha ruwan rafi har sau biyu;
sarƙar keke, gatarin wata motar soja,
ƙusoshi ɗari da sha ɗaya
da na miƙar da guduma a kan dutse
ina ƙirgawa, ina tsotsar babban yatsana.

Bel kaɗai ya saya, a kasuwar Phonsavan.
Agwagi biyu suka tafi a kansa,
ya dawo yana mitar mai shago har bakin tsani.

Inna ta ce, gafiya ma ta san abin da take ja.
Abin da ya cinye maka hannu
shi za ka ajiye mana ƙarƙashin tabarma?
Ya ce, Bouakham, bashi nake bin sa.
Bar shi ya biya.

Ran gwaji ko gurgu sai da ya zo.
Baba ya ja igiya: tari.
Ya sake ja: tari da hayaƙi.
A ja na bakwai abin ya farka da ruri,
ɓaunarmu ta tsinke ta nufi daji,
kakata ta zube ƙasa ta rufe kai da hannuwa,
shekara hamsin ba ta goge mata ƙarar sama ba.
Shinkafa kuwa ta yi fiffike,
ta tsallake danga ta sauka gidan Somvang,
kajinsa suka yi biki.
Gangar ce ya ɗaura a baibai.

Aka yi dariya har da riƙe ciki.
Bai ce uffan ba.
Ya ɗaga tsohuwa, ya kakkaɓe mata zani,
ya ce in riƙe fitila.
Muka kwance, muka juya, muka ɗaure,
sauro na cin rabonsa a ƙafafuna.
Sifana ɗaya gare mu, ita ma bakinta ya buɗe,
sai ya cusa mata tsabar kuɗi ta kama.

Da hantsi ya cusa dami na farko.
Ƙaiƙayi ya yi hagu, ƙwaya ta zubo buhu,
shaaa, kamar ruwan farkon damina a kan kwano.
Aikin da muke yi kwana tara da sanda
ya ƙare kafin Inna ta sauke tukunya.

Yanzu gona-gona ake tura shi a amalanke,
kwano ɗaya a kowane buhu, ladanmu.
Yana yoyon mai, yana fushi in ya ji sanyi,
sai an doke shi a haƙarƙari.
Akwai rubutun baƙi a jikin gangar,
lambobi da haruffan da ba namu ba.
Na ce mu shafe da fenti. Baba ya hana.

Kakata ba ta yarda ta matso ba sai bana.
Ta jira aka kashe, ƙarfe ya huce,
ta zo da farin zaren auduga,
irin wanda ake ɗaura wa baƙo a wuyan hannu,
ta ɗaura masa a mariƙi, ƙulli uku.
Ba ta yi masa addu'a ba.
Ta dai ce, gobe gonar Somvang,
kada ka makara.