Wuri Goma a Tafin Ƙafa

Tun asuba ruwa bai ɗauke ba a Labasa,
kwanon rufin asibiti sai kiɗa yake.
Bisun Dayal ya tuɓe takalman robarsa,
ya jera su ƙarƙashin benci, baki da baki.
Shekara arba'in da ɗaya yana saran rake.
Ya ce, "Mereoni, zaƙin da na sara
shi ya biyo ni gida, ya shige jini."
Na yi dariya don na ga yana so in yi.

Kayan aikina bai kai tsinken tsintsiya ba,
silin roba guda, siriri, mai lanƙwasa.
Na fara ɗana masa a bayan hannu
don ya san baƙon kafin ya rufe ido.
"In ka ji, ka ce ka ji."

Babban yatsa. "Na ji."
Na tsakiya. "Na ji."
Gindin ɗan autan yatsu, shiru,
sai can ya ce, "Na ji,"
alhali tuni na ɗauke hannuna,
silin yana iska, bai taɓa kowa ba.

Ashe numfashina yake saurare.
Ashe kukan kujerata yake ƙirgawa.

Ban tona shi ba. Na haɗiye numfashi,
na sake bi, wuri goma kowace ƙafa,
ina kauce wa kanta, ina sauya tsari.
Dama ta amsa bakwai.
Hagu huɗu, ta huɗun ma da ƙyar.
Na buga ƙarfen nan mai baki biyu,
na kafa gindinsa kan ƙashin yatsa.
Yana ɓari har gwiwar hannuna,
shi kuwa yana tambaya ko na fara.

A diddigen hagu na ga ɗan jan ɗigo.
Na jawo takalmin, na zura hannu:
ƙusa ce, ƙarama, ta leƙo da kai.
"Tun yaushe, Baba?"
"Tun yaushe me?"

Wansa Hari, bara, asibitin Suva,
an tafi da shi da ƙafa biyu.
Ba mu ambace shi ba,
amma yana zaune tsakaninmu.

Na ce ciwon da ke ihu mai gaskiya ne,
wanda ya yi gum shi ake tsoro.
Na ce mun riga shi isowa, da kaɗan.
Na wanke ɗigon, na rufe.
Na rubuta awon jini da sauyin magani,
na ba shi madubi mai faɗin tafin hannu:
kowane dare, ido ya yi aikin da jijiya ta ajiye.

Ya juya madubin, ya dubi gemunsa tukuna.

A bakin ƙofa jikarsa Roshni ta buɗe lema.
Na ga ya tsaya, ya kife takalmin dama,
wanda ba ƙusa a ciki,
ya kakkaɓe shi sau biyu kan siminti,
sannan ya sa.