Goshin Wasiƙa

Bakwai ta gota a Wolverhampton.
Mai askin da ke ƙasa ya ja ƙofarsa,
ruwa yana ta ƙananan maganganu a jikin taga,
ni da kwamfuta mun zuba wa juna ido.

Hindatu ta ce, Baba, ba wuya.
Kai kibiyar can sama, inda takarda ta yi sanƙo,
ka danna sau biyu.
Na danna.
Sai jikin wasiƙar ya dushe,
kamar yaron da ya ja baya don manya su gana,
goshinta ya buɗe, da layin ɗigo-ɗigo a ƙarƙashi.

Ga mu nan.
Ɗantsoho da Ƙanƙara, Jigilar Kaya.
Hawa na biyu, titin Dudley.
Lambar waya guda biyu.

Shekara tara ke nan da daren da muka tsara shi.
Ɗ ta ƙi fita, Ƙ ta ƙi fita,
sai wasu 'yan akwatuna da babu komai a ciki.
Ya yi dariya har ta zame masa tari.
Ya ce, Sallau, injin nan ya san sana'armu,
ya ba kowa kwantenarsa.
Muka bi salon haruffa ɗaya bayan ɗaya,
shayi ya huce, aka sake ɗorawa,
sai na goma sha huɗu ya yarda
cewa sunan mutum yana iya zuwa da lanƙwasa.

Ni na so a jingina shi hagu, yadda bankuna suke yi.
Ya ce sunan da ya raɓe a gefe, bashi ake bin sa.
A tsakiya muka sa.

Ƙarƙashin goshin nan mun roƙi ofishin haraji sassauci,
mun yi wa tashar Tilbury tsawa cikin ladabi,
mun ba wata baiwar Allah ta Coventry haƙuri
a kan firjin da ya yi wata huɗu a Apapa.
Shi ke faɗa, yana zagaye ɗakin da silifas,
ni ke bugawa da yatsa biyu.

Jiya Misis Pritchard mai duba mana lissafi
ta cire tabarau, ta ce ta san da ciwo,
amma tun Fabrairu banki yake tambaya,
dole takarda ta faɗi wanda ya rage.

Na ajiye kibiya a bayan sunansa.
Daga ƙarshe ake ci, ashe.
O ta tafi. H ta tafi.
Duk dannawa ɗaya sai sunana ya matso,
yana neman tsakiya, ba kunya.
Har ya rage Ɗ ita kaɗai,
da ɗan ƙugiyarta, kamar ta kama wani abu.
Na daɗe a nan.
Hindatu ta tafi wanke kofin da ba shi da datti.

Da ta dawo ta ce, shi ke nan,
in ka gyara a wuri ɗaya, ya gyaru a ko'ina.
Na gangara shafi na biyu. Babu shi.
Na uku. Babu shi.
Ko a maƙabarta mun fi haka daɗewa.

Kafin in rufe sai na koma gaban sunana,
na danna doguwar sandar nan ta ƙasa sau takwas,
fili takwas, adadin haruffansa.
Firinta ba ta san da su ba, banki ba zai gani ba.

Takardar ta fito da ɗuminta.
Hindatu ta ɗaga ta wajen fitila, ta karkata kai.
Baba, bai zauna daidai ba, ya ɗan yi dama.

Na ce na gani.
Miƙo ambulan.