Laka a Gindin Kwalba

Shekara tara ina ɗaukar faranti a Filato.
Ban taɓa kai giyar nan baki ba,
ba kuma zan kai ba.
Nawa shi ne in buɗe, in zuba, in ja da baya,
in jingina da bango kamar tsintsiya.

Daren Alhamis aka aike ni wata kwalba
can ƙasan firiji, inda hannu bai cika zuwa ba.
Na ɗaga ta ga fitila, gabana ya faɗi.
Ruwan bai yi garau ba,
ya gurɓace kamar kogin Isa a farkon damina,
ga laka kwance a gindi.
Na ce wa maigida ta lalace.
Ya yi dariya har tabarau ya zame masa.

Ya ce, Tankari, haka mai ita ya so ta.
Bai tace ba, bai zuba magani ba,
ya matse, ya rufe, ya tafi ya yi barcinsa.
Shenan ake ce wa inabin,
kuma kurangar ta girmi ubanka.
Shekara sittin da ɗoriya tana cikin tsakuwa,
ba mai kai mata ruwa,
ita ke bin sa da saiwa
har inda guga ba ya kaiwa.
Ƴaƴanta kaɗan ne, ko kwando ba sa cikawa,
amma kowane ɗaya ya san ƙasar da ya fito.

Na murza, toshiyar ta fito da ɗan tari.
Hanci ba ya neman izini.
Na ji kakin zuma,
na ji ƙasa ta sha ruwan farko,
can baya kuma wani tsami siriri,
sai ga ni a Tawa ba tare da na hau mota ba.

Akwai lemun tsami a bakin rijiyarmu.
Kakana Nomau ya dasa shi
shekarar da fari ya kwashe shanu.
Bai taɓa ba shi takin buhu ba.
In an ce ya yi masa sassabe,
sai ya ce tsoho ba a koya masa zama.
Rabin jikinsa yanzu itacen wuta ne,
ƙaya ta fi ganye yawa,
a shekara da ƙyar ya cika tasa biyu.
Amma guda ɗaya in ka yanka,
har maƙwabta sai sun san an yi miyar kifi.

Watan jiya ƙanena Arzika ya kira.
Ya ce itacen ya tare hanya,
albasa na son fili, inji na son wurin zama,
albasa ce ke biyan kuɗin makaranta.
Na ce masa, yi yadda ka gani.

Baƙin tebur na shida sun sha a hankali,
suna juya kofi, suna rufe ido.
Kuɗin da suka ajiye
ya kai albashina na sati biyu.
Lakar suka bari, ita na zubar a lambatu.

Sha biyu ta gota na gama wanke-wanke.
Na cuɗa hannu da sabulu sau uku,
na yi alwala a famfon baya,
na yi isha'i a makare kusa da buhun gawayi.
Sannan na laluba waya.

Ya ɗauka da muryar barci.
Na ce, lemun nan fa?
Ya ce gatari na wurin maƙeri, sai Asabar.
Na ce, bar shi can.
Ya ce, to injin fa, a kaina zan ɗora shi?

Ban da amsa.
Muka yi shiru, kuɗin waya na tafiya,
ina jin kwaɗin rijiyarmu ta cikin kunnensa.