Kayen Cima

Da babban hutu ya kama, gero ya kai gwiwa,
aka buɗe sansani a lakwal ɗin Bagalam,
kwana goma sha biyu, yara arba'in,
wai za a koya masu riƙon kuɗi.
Na yi dariya a kan babur.
Ni da kuɗi ba su kwana a aljihuna,
me ɗiyata za ta riƙe?

Uwarta ta nace. Na ja jar akuya zuwa kasuwa,
na dawo da igiya.

Madan Zuwaira ta ba kowa jika guda
da gwangwanin tumatir uku:
na ci, na ajiya, na juyawa.
Ilu ɗan maƙwabcinmu ya bi ƙamshin tsire tun ranar farko,
ya yi kwana goma sha ɗaya yana kallon gwangwanayen mutane.
Cima ta auno gyaɗa a Babbar Kasuwa,
ta ɗebo rairayi a bakin Gulbi ta soya.
Ranar Laraba hadari ya taso daga wajen Tibiri,
ruwa ya jiƙa rabin tire.
An ce ba ta yi kuka ba.
Ta buɗe kaye, ta rubuta asara da jan biro,
ta ja layi a ƙarƙashi.

Ta dawo gida da jika da dala sittin
da wani irin kallo da ban san ta da shi ba.

Daren nan ina kwance kan tabarma, baya na ciwo,
ta zo da fitila ta zauna.
Baba, nawa ka samu yau?
Jika huɗu.
Esansi? Jika da rabi.
Mai babur? Jika.
Cefane? Dala ɗari da sittin.
Faci a hanyar Madarunfa, dala arba'in.
Ta lissafa da yatsu, leɓe na motsi.
Saura dala ɗari, Baba. Ina ta shiga?

Na duba rufin ɗaki, ba ta can.
Na laluba aljihu, sai ɓawon goro.
Shekara goma sha bakwai ina kabu-kabu,
na san kowane rami daga Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo,
ban san ramin da ke cikin wandona ba.
Shayi ne. Katin waya ne. Wani ya ce ara mini, na manta sunansa.
Da kaɗan-kaɗan tulu ke tsiyayewa,
mai shi na zargin rana.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.
Ta juya shafi.
Can sama na ga an rubuta: akuya,
da kuɗinta, da kalmar bashi.
Na ce goge wannan.
Ta ce Madan ta ce duk abin da ya fita sai an ba shi suna.
Na ce to ba sunansa ke nan ba.
Hatsin da kakanki ke zubawa a rami ran shuka,
yana binnewa da diddige,
ci ne, ajiya ce, ko asara?
Ta ciji biro, ta daɗe.
Ta soke bashi, ta rubuta iri.

Yanzu akwai gwangwani a bayan randa,
an huda murfin da wuƙa, an rubuta sunana da alli.
Kullum magariba in na kashe babur
sai in ji ƙarar dala ashirin ta faɗa ciki.
Jiya na girgiza shi, ya fara nauyi.
Cima ta ɗago kai daga wanke-wanke ta ce,
Baba, ajiye. Ba a tone shuka don a ga ko ta tsiro.