Dutsen Kakana

Na bar Trabzon da asuba,
kuɗina ba su rufe tafin hannu ba.
Jaka ɗaya, laima mai karyayyen haƙarƙari,
da dutsen wasa wuƙa na kakana, naɗe cikin safa.
Inna ta ce, "Gulizar, da me za ki ci?"
Na ce, "Da abin da mutane suka gaji da yi."

A Rize tuddai kore ne shar har cikin gajimare.
Kwana tara ina yankan ganyen shayi,
buhu a baya, gwiwa na kuka,
ladan kuwa kamar gishiri a miya.
Sai da yamma, da almakasan mata suka dakushe,
na kwance safa, na jiƙa dutse.
Hayriye ce ta fara miƙo nata,
sauran suka biyo ta kamar tumaki a mashaya.
Wata ta biya da kuɗi, wata da cuku,
wata da shimfiɗa a saman ɗakin shanu,
inda ɗumi ke tasowa ta tsakanin katako.

Masuntan Hopa ba su da komai sai kifi.
Na ɗinke musu koma, suka cika mini bokiti,
na ari kasko, na soya a bakin tasha.
Ƙarnin ya raka ni har kan iyaka.

A can manyan motoci sun yi jerin gwano,
idanun direbobi jajir kamar gauta.
Na ce, "Ku kwanta, ni zan tsaya.
In layi ya motsa, zan buga ƙofa."
Dare ɗaya ne tak,
amma na sayar da shi sau goma sha ɗaya.
Guda ya tsere bai biya ba.
Allah ya kai shi. Ban ce lafiya ba.

A Batumi sama ba ta gajiya da zuba.
Na tsaya ƙofar kasuwa da laimata:
daga rumfa zuwa mota, taku arba'in, ƙwandala ɗaya.
Su a bushe, ni sharkaf.
Wani yaro, Zaza, ya zuba mini ido wuni guda,
washegari ya zo da laima biyu da ƙanensa.
Na sakar masa garin.

Kada ku ce kullum sa'a ce.
Na tsinci duwatsu a gaɓa, na zana musu jiragen ruwa,
na jera a kan gyale kwana uku,
ko tayi babu.
Ashe teku na raba irinsu kyauta a bayana.
Na mayar mata da kayanta ɗaya bayan ɗaya,
na kwana da ruwan famfo a ciki.

Kusa da Telavi, lokacin tsinkar inabi,
tsoho Nodar ya kawo wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho.
Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa.
Ya nuna hoton mace a bango, ya nuna wuƙar,
ya juye aljihunsa, iska ta faɗo.
Na wasa ta a hankali, fiye da yadda take bukata.
Ya gwada kaifin a gashin hannunsa,
ya daɗe bai ɗago kai ba.
Sannan ya yagi takarda, ya yi rubutu mai kama da ƙugiyoyi:
sunan ƙanwarsa, mai gasa burodi a Tbilisi.

Yau ga ni a bayan tandarta, gari har gira.
Jiya na zazzage jaka, na ƙirga:
abin da na fito da shi,
da ƙarin kuɗin burodi biyu.
Dutsen kakana ya rame a tsakiya
kamar kumatun wanda ya sha tafiya.
Na rubuta wa Inna kalma biyu: "Ina ci."

Sauran labarin sai an jima,
ga mahaucin tsallaken titi can tafe,
da wuƙaƙe huɗu naɗe a tsumma.